Tayar Keke Marar Iska: A Yi Lissafi Kafin A Cika Kwantena

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin sufuri ya zama babban abin da ke cinye ribar ƙananan 'yan kasuwa a birnin Legas. Kafin wannan ma, a cikin 2022, gwamnatin jihar ta hana sana'ar acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni, kana ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba, ciki har da Mushin, wadda yankin masana'antu na Ilupeju yake cikinta. Da yawa daga cikin waɗanda dokar ta raba da abin yi 'yan Arewa ne mazauna Agege da Idi-Araba da sauran unguwannin Hausawa. Waɗannan dalilai biyu sun sa keken hawa mai ƙafa biyu, wanda aka daɗe ana yi masa kallon abin hawan ƙauye, ya sake samun daraja a wajen masu kai saƙo da masu tallar kaya.

Duk wanda ya dogara da keke wajen neman abinci ya san cewa babban abokin gabarsa shi ne faci. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan masu shigo da kaya suka fara sha'awar tayar da ba a hura mata iska, wadda ƙusa ko kwalba ba sa iya sace ta. Ra'ayinmu a nan shi ne, wannan taya tana da kasuwa a Nijeriya, amma kasuwar ba ta kai girman da masu tallarta suke faɗa ba. Wanda ya zuba jarinsa a kanta ba tare da ya tantance masu sayenta ba yana iya wayar gari da kaya jibge a sito.

Da farko dai ya kamata a san cewa taya marar iska ba sabon abu ba ce. Hasali ma ita ce ta asali. Kekunan da aka yi yayi a Turai kafin 1888 da curarriyar roba suke tafiya. A wannan shekara ne wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin birnin Belfast, ya yi rajistar tayar iska da ya haɗa domin keken ɗansa, ko da yake Robert Thomson ya riga shi yin rajistar irin wannan dabara tun 1845. A 1891 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da tayar da ake iya cirewa a gyara a mayar, kuma da ita Charles Terront ya lashe tseren keke daga Paris zuwa Brest da dawowa a wannan shekara. Cikin 'yan shekaru kaɗan curarriyar taya ta ɓace daga kasuwar kekuna. Mutanen wancan zamani sun san faci sarai, amma suka gwammace shi a kan jijjiga da wahalar tuƙi. Wannan darasi ne da bai kamata ɗan kasuwa ya manta da shi ba.

Gaskiya ne cewa tayoyin yau sun sha bamban da na wancan lokaci. Kamfanin Tannus na Koriya ta Kudu yana yin tasa da wani irin soson roba mai ƙananan ƙofofi, ana maƙala ta a jikin rim da ƙananan fegi. Kamfanin Bridgestone na Japan ya nuna wani samfuri a 2017 wanda haƙarƙarin roba ne ke ɗaukar nauyi a maimakon iska. A Amurka kuma wani kamfani ya gabatar da taya a 2021 wadda aka yi da saƙar ƙarfe mai komawa siffarsa bayan ya lanƙwashe, bisa binciken da hukumar NASA ta yi domin motocin da ake aikawa sararin samaniya. Sai dai inda aka fi amfani da taya marar iska da yawan gaske shi ne kekunan haya na biranen ƙasar Sin, musamman na kamfanin Mobike da ya fara aiki a Shanghai a 2016.

Amfaninta a fili yake. Ba ta faci, ba ta buƙatar famfo ko tif ko sholisho, kuma ko keke ya yi wata uku a jingine, da an ɗauko shi sai hawa. Ga mai kai saƙo da aka ɗibar wa lokaci, ko mai tallar madara mai sanyi da kayansa ke narkewa a rana, rabin sa'a a wajen mai faci hasara ce ta kuɗi. Ga kamfanin da ke da kekuna hamsin ko ɗari, amfanin ya fi haka, domin ba sai ya ajiye ma'aikacin da zai riƙa bi yana duba iska kowace safiya ba. Bugu da ƙari, yawancin lalacewar tayoyi a wajenmu daga ƙarancin iska take farawa, inda mahayi ke ci gaba da tafiya a kan lausassar taya har gefenta ya tsage. Taya marar iska ta kawar da wannan matsala baki ɗaya.

To, sai dai kuma akwai aikin da iska ke yi wanda roba ba ta iya yinsa. Idan tayar iska ta taka dutse, iskar da ke cikin dukkan zagayen tayar ce ke raba nauyin bugun, kana ta koma yadda take ba tare da ta cinye ƙarfin mahayi sosai ba. Ita kuwa curarriyar taya, ɗan wurin da ya taɓa ƙasa ne kaɗai ke matsewa, kuma duk matsewa da sakewa tana mayar da wani kaso na ƙarfin feda ya zama zafi. Wannan ne ya sa take da nauyin tuƙi. A tafiyar kilomita ɗaya ko biyu ba za a lura ba. Amma wanda zai taso daga Agege ya bi ta Ikeja da Oshodi zuwa Ilupeju, tafiyar fiye da kilomita 10, ya kuma koma da yamma, a jikinsa zai biya kuɗin. Mai keke ba shi da tankin mai, tankinsa cikinsa ne, kuma abinci ma ba araha yake ba.

Illa ta biyu ta shafi keken kansa. Bugun da taya ba ta shanye ba ba ya ɓacewa, wucewa yake zuwa rim da wayoyin wili da ƙashin keke da bayan mahayi. A kan titi mai santsi abin da sauƙi. A kan hanyoyin cikin unguwa masu ramuka, musamman bayan damina, wayoyi za su riƙa kwancewa ko karyewa, rim ya riƙa karkacewa. Kuɗin da aka tsira da shi daga mai faci sai ya koma hannun mai gyaran wili, wanda aikinsa ya fi tsada kuma ya fi cin lokaci.

Illa ta uku ita ce taurin tayar guda ɗaya ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Mai tayar iska yakan ƙara iska idan zai ɗora buhu a kariya, ya rage idan zai shiga yashi. Tayar da aka ƙera domin nauyin ɗalibi da jakarsa, idan aka ɗora mata mutum da buhun shinkafa mai kilo 50, za ta baje ta yi zafi ta ƙare da wuri. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005 kuma take rarraba keken Buffalo mai ɗaukar kilo 100 a kariyarsa a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, tayar iska mai kauri ta zaɓa, duk da cewa ƙaya ta yi yawa a hanyoyin karkarar da kekunanta ke bi.

Akwai kuma batun dacewa. Tayar iska takan shiga rim iri-iri muddin girman zagaye ya yi daidai. Marar iska kuwa dole faɗin cikin rim ya dace da ita, in ba haka ba ko dai ta ƙi shiga ko ta riƙa motsi a kwana. Kasuwarmu cike take da kekuna kala-kala: tsofaffin Raleigh da aka taɓa haɗawa a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya, da kuma na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Japan. Mai shigo da kaya zai buƙaci girma daban-daban masu yawa, kuma kowane girman da bai karɓu ba jari ne da ya kwanta. Sa tayar a rim ma aiki ne da sai an koya wa masu gyara.

Abin da ya fi muhimmanci ga ɗan kasuwa shi ne darajar abin da tayar ke magancewa. A Turai kuɗin aikin makaniki yana da tsada, shagon gyara kuma yana da nisa, don haka mutum zai yarda ya biya ninkin kuɗin taya domin ya huta. A Legas da Kano kuwa, da wuya a yi tafiya mai nisa a bakin babban titi ba a ga mai faci ba, kuma ladansa ƙanƙane ne idan aka kwatanta da farashin tayar da aka sayo da dala. Tun bayan da aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa a watan Yuni na 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya ƙara nisa da aljihun talaka. Mai keke ɗaya ya fi iya biyan faci sau ashirin a hankali da ya biya kuɗi mai kauri lokaci guda.

Su wane ne ke nan masu sayenta na gaskiya? A ganinmu rukuni uku ne. Na farko su ne kamfanoni da makarantu da manyan rukunin gidaje da ke amfani da keke a cikin harabarsu, kamar masu gadi da masinjoji a yankunan masana'antu na Ilupeju da Ikeja, inda tafiyar gajera ce, titin kwalta ne, amma guntayen ƙarfe da ƙusoshi sun yi yawa. Na biyu su ne masu hayar keke, waɗanda mahayinsu ba shi ne mai shi ba, balle ya kula da iska. Na uku, wanda watakila ya fi sauran girma, ba ma keken hawa ba ne: baro, da keken guragu, da amalanken dako a kasuwanni irin su Mile 12, waɗanda ake turawa a hankali. Ko a nan ma sai an auna nauyi, domin kurar ɗan ga-ruwa mai jarka goma ta lita 25 tana ɗauke da kilo 250 na ruwa kaɗai, kuma duk ƙarin nauyin turawa a kafaɗar mutum zai sauka.

Ga sauran mahaya kuwa akwai hanyar tsakiya. Ana yin tayoyin iska masu shimfiɗar kariya a ƙarƙashin tafinsu, ana kuma sayar da ruwan da ake ɗurawa a tif ya toshe ƙaramar huda da kansa. Waɗannan ba sa kawar da faci ɗungurungum, amma suna rage shi ƙwarai ba tare da an rasa laushin iska ba, kuma suna shiga rim ɗin da ake da shi. Mai neman abin da zai yi saurin fita a Agege ko Sabon Gari zai fi samun ciniki a nan.

Wannan batu yana kuma tuna mana da wani rauni na tattalin arzikinmu. Nijeriya tana noman roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba da Ondo, tana kuma da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin. Duk da haka kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, na Dunlop da ke Ikeja kuma ya daina ƙera taya a 2008, bayan sun sha fama da matsalar wutar lantarki da gogayyar tayoyin waje masu araha. Curarriyar taya ta baro da amalanke ba ta buƙatar saƙar zare da waya kamar tayar mota, zuba ta ake yi a mazubi. Idan akwai wata dama ta dindindin a cikin wannan harka, to tana wajen masu ƙananan masana'antun roba na Legas da Kano, ba wajen mai cika kwantena daga ƙetare ba.

Shawararmu ga mai son shiga harkar ita ce ya tuna cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya sayo kaɗan, ya sa wa kekuna biyar, ya bar wasu biyar da tayar iska, su yi aiki iri ɗaya a hanya ɗaya har tsawon damina guda. Ya rubuta sau nawa aka yi faci, wayoyi nawa suka karye, saƙo nawa kowane mahayi ya kai a yini, kana ya tambayi mahayan wanne suke rige-rigen ɗauka da safe. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ta fi duk abin da ke rubuce a takardar talla gaskiya.

Daga ƙarshe, taya marar iska kayan aiki ne mai kyau a inda ya dace, amma ba za ta kori mai faci daga bakin titi ba. Shekara fiye da 130 ke nan ana neman abin da zai maye gurbin iska a cikin taya, har yanzu ba a samu wanda ya kai ta sauƙin nauyi da araha ba. Ɗan kasuwar da ya san wannan zai sayar da ita ga wanda take yi wa amfani, ya ci ribarsa daidai gwargwado, ya kuma tsira da amincin abokan cinikinsa.