A Nuna Mana Mudun Kafin A Fara Awo

Sanin kowa ne cewa tun da annobar korona ta rufe jami'o'i a shekarar 2020, karatu ta intanet ya samu gindin zama. Tare da shi wata al'ada ta yaɗu, wato malami ya rarraba wa ɗalibai takardun junansu, kowa ya duba aikin ɗan'uwansa ya ba shi maki. Dabarar ta girmi annobar. A 2012, shekarar da aka kafa Coursera a Amurka, dubban mutane suka shiga darasin Scott Klemmer na Jami'ar Stanford, har takardu suka fi ƙarfin malamai, sai aka sa ɗalibai duba na juna, bayan sun fara gwada hannunsu a kan aikin da malamai suka riga suka auna.

Mun yarda da wannan tsari, domin mai duba aikin wani yana ƙaruwa da ilmi. Abin da ya dame mu shi ne mudun da ake awo da shi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. To amma makin da zai shiga takardar shaidar mutum ya wuce a bar wa ido.

Mu ɗauki maƙala mai maki 100, wadda za a duba ta fuska huɗu: ƙarfin hujja, shaidar da aka kawo, tsarin bayani, da ƙa'idar rubutu. In aka raba daidai, kowace fuska 25, ɗalibin da ya iya jera kalmomi zai kwashe 50 ko da bai faɗi kome ba. In kuwa aka ba hujja 40, shaida 30, tsari 20, rubutu 10, iyakarsa 30. Ashe wajen rabon nauyin nan ake yanke wa ɗalibi hukunci, tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da hukumar jami'a da su yi abu uku. Na farko, a bayyana nauyin kowace fuska ranar da aka ba da aiki, tun ran gini tun ran zane. Na biyu, a fayyace kowane mataki da misali, domin "ya yi kyau" ba ma'auni ba ne. Na uku, a auna mai awon shi ma. Manhajar Moodle ta tanadi haka, inda bisa asali take ware maki 80 ga aikin ɗalibi, 20 ga yadda ya duba na wasu.

Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, amana ce aka ba mu. Kada abota ko gaba ta riƙe mana alƙalami, gama mudun da muka auna wa wani, da shi za a auna mana.