FILIN MATA: Abin Da Mace Za Ta Gani A Masar



Wata 'yar'uwa ta rubuto mini takarda, ta ce za ta raka mijinta Masar ganin likita, kuma za su sami 'yan kwanaki na hutawa. Tana tambaya, ban da kasuwa, me ya kamata mace ta gani a can? Tambaya ce mai kyau, domin matanmu da yawa suna zuwa Alƙahira, wasu ciniki, wasu jinya, wasu kuwa ganin 'ya'yansu da ke karatu a Azhar. Amma galibi sai su komo da akwati cike da turare da mayafai, ba su da ko labari ɗaya da za su ba yara. To, ga shawarata. Ki je ki ga abin da mata irinki suka bari.

Ki fara da dalar Giza, a bakin birnin, gama kowa zai tambaye ki ita. Babbar cikinsu wani sarki ne mai suna Kufu ya sa aka gina masa, don a binne shi ciki, yau shekara wajen 4,500. Tsawonta na asali ƙafa 481 ne, duwatsunta kuwa sun haura miliyan 2. Ki tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi, ki sa takalmi marar tudu, kuma kada ki hau raƙumin kowa sai kun gama ciniki. In wani ya ce miki wurin gumaka ne, ki ce masa ba bauta ta kai ki ba. Addininmu ma ya umurce mu da mu duba ƙarshen waɗanda suka gabace mu, mu wa'aztu.

Daga nan ki nufi Fusɗaɗu, tsohuwar unguwar Alƙahira. Akwai gidan kayan tarihi inda aka mai da gawarwakin sarakunan dā guda 22 a shekarar 2021. A cikinsu akwai wadda masana suka ce ta Hatshefsut ce, macen da ta yi sarautar Masar shekara wajen 20, kusan shekara 3,500 da suka wuce. An fi tunawa da ita wajen gine-gine da fatauci. Ta aika da jiragen ruwa zuwa wata ƙasa da ake kira Funt, suka komo da turare da itatuwansa. In kina da hali ki shiga jirgin ƙasa na kwana zuwa Luksor, can kudu, za ki ga hoton wannan tafiya a sassaƙe jikin bangon ginin da ta yi a gindin dutse. Bayan mutuwarta an bi ana kankare sunanta daga bango, amma ga shi yau ina faɗa muku shi.

Kusa da gidan kayan tarihin nan masallacin Amru ɗan Asi yake, Sahabin da ya buɗe Masar. Shi ne masallaci na farko a ƙasar, an kafa shi wajen shekarar 642. Ki yi nafila, sa'an nan ki ce a kai ki masallacin Sayyida Nafisa. Wannan baiwar Allah daga zuriyar Sayyidina Hasan take. An haife ta a Makka, ta zauna a Madina, ta ƙaura Masar, ta rasu a can a shekarar 208 ta Hijira, watau 824. Malama ce ta sosai. An ruwaito cewa Imamu Shafi'i da kansa yakan je wurinta ya ji Hadisi, kuma da ya rasu aka biyo da gawarsa ta gidanta don ta yi masa salla. Duk mai 'ya Nafisa a gida, ya kamata ta san wannan.

A kan titin nan kuma, tafiyar ƙafa kaɗan, akwai hubbaren Shajaratud Durri. Baiwa ce da Sarkin Masar Salihu Ayyuba ya aura. Ya rasu a 1249, daidai lokacin da rundunar Sarkin Faransa ta shigo ƙasar da yaƙi. Sai ta ɓoye rasuwarsa don kada zuciyar mayaƙa ta karye, ta ci gaba da tafiyar da al'amura da sunansa, har Allah ya ba su nasara, aka kama Sarkin Faransa. A 1250 aka naɗa ta, ta yi kwana wajen 80 kan gado, aka buga kuɗi da sunanta, aka ambace ta a huɗubar Jumma'a.

Ta ƙarshe ita ce ta fi taɓa mini zuciya. In kina komowa ta Giza ki dubi Jami'ar Alƙahira. An kafa ta a 1908, amma rashin kuɗi ya kusa tsai da ita. Sai Gimbiya Faɗima, 'yar Isma'ilu mai mulkin Masar, ta ba da fili da gonaki, ta kuma kwance kayan adonta masu tsada ta ce a sayar a yi gini. Aka aza harsashi a 1914. Ta rasu a 1920, ɗalibai kuwa ba su daina shiga da fita ba.

Kun ga dai, 'yan'uwa, Kufu ya tara dutse don kansa, yau ɗakinsa fanko ne, har gawar ma babu. Faɗima ta ba da abin wuyanta, ana ta cin amfani. Mu ba 'ya'yan sarakuna ba ne, amma mace nawa ce a cikinmu take da 'yan kunne a ƙasan adaka, 'yarta kuwa tana zaune gida don an rasa kuɗin littafi da rigar makaranta? Wannan ba sai an je Masar za a gyara shi ba.

Mai tafiya, ki riƙe ɗan littafi da fensir, ki rubuta abin da kika gani, ki karanta wa yara in kin komo. Allah ya ba maigida lafiya, ya kai ku ya komo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.