Turawa Sun Tsinci Nasu A Jos, Ina Na Hausawa?

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma akwai abin da ba ya barin mutum ko da ya shekara arba'in a Kurmi, wato abin da ya gani da idonsa tun yana yaro. Duk magidancin da ke zaune a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ko unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal, muddin ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980, in aka taɓo masa zancen talabijin sai ka ga fuskarsa ta washe. Zai tuna da gida ɗaya tak mai akwati a unguwarsu, da yadda yara ke cika tsakar gidan bayan sallar magariba, da yadda ake korar wanda bai wanke ƙafa ba. In aka tambaye shi abin da ya fi so a wancan zamani, sau da yawa zai haɗa sunayen Turawan Ingila da na Hausawa cikin numfashi ɗaya, ya ambaci Frank Spencer da Samanja, ya ambaci Mista Brown da Karkuzu.

Wannan haɗi yana da asali. Gidan talabijin na farko a ƙasar nan Gwamnatin Jihar Yamma ce ta buɗe shi a Badun ran 31 ga Oktoba, 1959, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Jihar Arewa ta bi sahu a watan Maris na 1962, lokacin da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna tare da kamfanonin Granada da EMI, su ma na Ingila. Sabon gida ba shi da isassun shirye-shiryen da za su cika masa sa'o'insa, saboda haka aka riƙa sayo fina-finai daga London. Har bayan da Gwamnatin Tarayya ta tattara gidajen a ƙarƙashin NTA a 1977, al'adar ba ta yanke ba. Ta wannan ƙofa ce Some Mothers Do 'Ave 'Em, wanda BBC ta yi daga 1973 zuwa 1978, ya shigo gidajen mutane, aka sha dariyar Frank Spencer, mutumin da ba ya taɓa abu ya bar shi da lafiya. Daga baya aka samu Mr Bean, wanda ya fara a 1990. Kashinsa bai wuce 15 ba, amma ya gama duniya, domin ba ya bukatar tafinta. Wanda ya biyo ta Abuja a hanyarsa ta ganin gida, ya zauna jiran jirgin Kaduna a tashar Idu da aka buɗe a 2016, ba zai rasa ganin wani yaro riƙe da wayar uwarsa yana ƙyalƙyala dariya ga wannan Bature ba.

Ba laifi ba ne mutum ya so abin da ya yi kyau, ko daga ina ya fito. Turawan Ingila sun iya tsara wasa, sun san lokacin da ya kamata a yi magana da lokacin da shiru ya fi ba da dariya. A fagen shirye-shiryen ilmi kuwa, wanda ya ga Life on Earth na David Attenborough, mai kashi 13, wanda ya fito a 1979, ya san an kashe dukiya da haƙuri kafin a ɗauko halittun Allah a inda suke. Sai dai so ba ya hana ganin aibi, kuma mazauna Kurmi sun fi kowa cancantar su lura da wani aibi guda.

Mind Your Language, wanda gidan London Weekend ya fara a 1977, labari ne na baƙi da suka taru a ajin dare suna koyon Turanci wurin Mista Brown. Akwai mutumin Pakistan, akwai na Indiya, akwai na Italiya da sauransu, kuma kusan duk dariyar da ke ciki a kan karkacewar harshensu take, da halin da Bature ya ɗora wa kowace ƙabila. A Ingila kanta an dakatar da shi a 1979, domin Michael Grade, wanda ke kula da shirye-shiryen gidan, ya ga wasan yana ƙasƙanta baƙi. A nan kuwa an karɓe shi hannu bibbiyu, har NTA ta yi mai kama da shi, Second Chance. To, Bahaushen da ke sayar da tumatir a Mil Sha Biyu, ko yake canjin kuɗi a tsakiyar Ikko, ya san ɗacin wannan irin dariya, domin shi ne baƙon da ake kwaikwayon Turancinsa. A yawancin wasannin barkwanci na Kudu ba a cika fito da shi ba sai a matsayin maigadi mai butar shayi, wanda ba a ma ba shi suna, sai dai a ce masa aboki. Wanda bai ajiye hotonsa da kansa ba, dole ya haƙura da wanda wani ya zana masa.

An taɓa fahimtar wannan a ƙasar nan. A 1984 NTA ta sa hannu tare da gidan Channel 4 na Ingila aka yi shirin Basil Davidson mai kashi 8 a kan tarihin Afirka. A 1986 ta sake shiga cikin aikin The Africans na Farfesa Ali Mazrui, mai kashi 9, tare da BBC da wani gidan Amurka. A waɗannan shirye-shirye an nuna wa duniya cewa Afirka tana da sarauta da ciniki da ilmi tun kafin zuwan Bature. Da aka saki wannan igiya, sai ga BBC a 2010 ta fito da Welcome to Lagos, ta buɗe shi da mazauna jujin Olusosun, har Wole Soyinka ya fito ya soki shirin da cewa kallon raini ne irin na zamanin mulkin mallaka. Ko mutum ya yarda da Soyinka ko bai yarda ba, gaskiyar ita ce mai na'urar ɗaukar hoto shi ke zaɓar inda zai juya ta.

Babban darasin da ya kamata a ɗauka daga Turawa yana cikin wani labari da ya faru a Jos. BBC ta fara wani wasa mai suna Doctor Who a watan Nuwamba na 1963, labarin wani mai yawo cikin zamunna. A wancan lokaci faifan ɗaukar hoto yana da tsada, wurin ajiya ya yi kaɗan, kuma yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri. Saboda haka sai BBC ta riƙa goge tsoffin faya-fayanta tana ɗora sababbin shirye-shirye a kai, ba ta daina ba sai a 1978. Kafin ta farga, kashi fiye da ɗari na wannan wasa sun salwanta. Abin da ya cece ta shi ne kwafen da ta riga ta sayar wa ƙasashen waje a kan fim na majigi, waɗanda ake miƙawa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Tun a tsakiyar shekarun 1980 aka mayar mata da wasu daga Nijeriya. Sa'an nan a watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai suna Philip Morris, wanda sana'arsa ke nan bin ma'ajiyar gidajen talabijin, ya tarar da gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos. A cikinsu akwai kashi 9 da aka ɗebe tsammani da su, na labarai biyu da aka nuna a 1967 da 1968. Adadin ɓatattun ya sauko daga 106 zuwa 97. Jaridun Ingila suka ɗauka kamar an haƙo zinariya, aka gyara fina-finan, aka shiga sayar da su nan take.

Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Bature ya taso tun daga ƙasarsa ya zo Filato neman wasan da aka yi shekara 45 kafin nan, domin ya san dukiya ce. Shi kuwa Jos ɗin nan shi ne garin Karkuzu na Bodara. Kaduna ce gidan Samanja Mazan Fama, da Karambana na Kasimu Yero, da wasan Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Kano kuma tana da Kuliya Manta Sabo, da gidan CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wanda yanzu ake kira ARTV. Wanda ya nemi Frank Spencer yau zai same shi daga farko har ƙarshe, hoto tangaran. Wanda ya nemi Samanja kuwa, abin da zai fi cin karo da shi a intanet guntaye ne masu dishi-dishi, waɗanda wasu bayin Allah suka kwafa daga tsoffin kaset. Su kansu masu wasan suna ta tafiya. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi a 2023, Abdullahi Shu'aibu Karkuzu a 2025. Allah ya jiƙansu da rahama.

Lokaci kuma ba ya jira. Fim na majigi, in ya samu wuri mai sanyi marar laima, yana iya daɗewa, shi ya sa na Jos suka tsira. Amma yawancin wasannin Hausa na wancan zamani a kan kaset aka ɗauke su, irin su U-matic da Betacam da VHS. Zafi da laima suna sa zaren kaset ya yi danƙo ya manne, naman gwari ya cinye shi, kuma kamfanonin da ke ƙera injunan kunna su sun daina. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu ajiyar sauti da hoto ta duniya suka yi gargaɗi cewa injunan da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa. Kaset da babu injin kunna shi, da shi da dutse duk ɗaya ne.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta tsohon wasan kwaikwayo? Maganarsa tana da nauyi, amma da sauran bayani. Na farko, aikin bai kai kuɗin gina gada ɗaya ba. Injin kunnawa ne da kwamfuta da ɗaki mai sanyi da ma'aikata 'yan kaɗan masu amana. Na biyu, abin sayarwa ne, kamar yadda BBC ta nuna, kuma iyalan waɗanda suka yi wasannin sun cancanci kasonsu. Bai kamata a manta ba cewa Karkuzu, bayan ya shekara da shekaru yana faranta wa jama'a, sai da ya fito neman taimako a ƙarshen rayuwarsa, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya agaza masa. Na uku, wanda ya fi shafar mazauna Kurmi, shi ne 'ya'ya. Yaron da aka haifa a Sabo ko Agege yakan tashi da Yarabanci da Turancin kasuwa a bakinsa, Hausarsa kuwa ta tsaya a gaisuwa da ciniki. A cikin tsoffin wasannin nan akwai Hausar zaure da ta fada da ta kotun alƙali, akwai barikancin soja a bakin Samanja, akwai yadda ƙarami ke durƙusa wa babba da yadda ake neman aure. Littafi yakan faɗi waɗannan abubuwa, amma wasa yana nuna su ido da ido.

Kuma an riga an ga cewa abin mai yiwuwa ne. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa ɓatacce. A 2016 aka gano shi cikin tsoffin gwangwanayen Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Abin farin ciki ne, amma da ɗan abin kunya a ciki, tun da sai da aka ƙetare teku kafin a ceto aikin Firayim Ministan ƙasar na farko.

Saboda haka wajibi ne hukumar NTA, musamman gidajenta na Kaduna da Jos da Kano da Sakkwato, tare da gidajen talabijin na jihohi, su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su ƙidaya abin da ya rage, su buga jerin sunayen kowa ya gani. Ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos ta karɓi aikin mayar da su cikin kwamfuta, a ajiye kwafi a Gidan Arewa na Kaduna, wani a Jami'ar Bayero, domin ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, ko gobara ta tashi a wuri guda ba a yi asarar kome da kome ba. 'Yan majalisar da Arewa ta tura Abuja su tabbata an sa kuɗin wannan aiki cikin kasafi, su kuma bi sawunsa.

Su ma mazauna Kurmi da nasu rabon aikin. A shekarun 1980 da 1990 da yawa daga cikinsu sukan sa a naɗo musu wasannin gida a kaset, domin rage kewa. Wataƙila wani kashi na Karkuzu da babu shi a ko'ina yana nan a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Idi-Araba. Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, suna iya sa a yi shela bayan sallar Juma'a cewa duk mai tsohon kaset kada ya zubar, ya kawo a rubuta sunansa, a kwafa, a mayar masa da abinsa. Ran 27 ga Oktoba na kowace shekara ita ce ranar da UNESCO ta keɓe domin tunawa da irin wannan gado, kuma ta isa a ɗauke ta ranar tarawa.

A ci gaba da dariyar Frank Spencer da Mr Bean, ba wanda ya hana. Masu su sun riga sun tanadi abinsu, jikokinsu za su gani. Da zafi-zafi kan bugi ƙarfe, kuma tun ran gini ran zane. Allah ya sa waɗanda abin ke hannunsu su ji, su kuma aikata tun kaset ɗin suna juyawa.