Wa ya san damina mai zuwa? Mu bar wa daji hanyar tsira

Ƴan uwa matasa, a ƙasar nan ba wanda ya isa ya ce ga yadda damina mai zuwa za ta kasance. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da garke ya ƙare a hannun masu shi. Mu kuma mun ga ruwan 2024 da ya rushe gidaje a Maraɗi da Damagaram. To, yaya za a tsara kare filayen ciyawa alhali ba a san abin da sama za ta yi ba? Ra'ayina shi ne: duk tsarin da aka gina kan shekarar da komai ya tafi daidai, tsarin banza ne. A yi shiri da shekarar fari, a yi shiri da shekarar ruwa.

Har shekarar albarka tana da nata haɗari. In ruwa ya yi yawa, ciyawa ta tashi a Dakwaro, Abalak da Tanut, da ta bushe sai gobarar daji ta lashe ta cikin kwana ɗaya. Maganin sananne ne: a share layukan tare wuta tun ƙarshen damina. Amma kuɗin aikin ya kamata ya shiga kasafin komin tun farkon shekara, ba sai hayaƙi ya tashi a fara neman agaji ba.

A shekarar fari kuwa, abin da ke ceton daji shi ne tafiya. Makiyayi ya bar wurin da ruwa bai sauka ba ya nufi inda ya sauka, filin da ya bari ya huta. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin zirga-zirga. Amma gonaki sun haura iyakar, burtali yana ƙuntata. Inda dabbobi suka taru wuri guda shekara da shekaru, gamba ta ɓace, garmani ya mamaye, ciyawar da dabba ba ta damu da ita ba. Fili mai iri-irin ciyawa yana jure kowace damina, don in wata ba ta yi ba wata za ta yi. Fili mai iri ɗaya, faɗuwa ɗaya ta ishe shi.

Ku dubi Gadabeji. Tun 1955 aka keɓe wannan daji, amma keɓewa a takarda ba ta hana mariri da raƙumin dawa ɓacewa daga cikinsa ba. A 2018 aka kwaso raƙuman dawa takwas daga yankin Kure aka kai can. Hikimar a fili take: in duk raƙuman dawan yammacin Afirka suna wuri ɗaya, annoba ɗaya ko fari ɗaya zai iya gamawa da su. Irin wannan tunani nake so mu yi wa dajin gaba ɗaya.

Kar wani ya ce, ni ɗan birni ne, ina ruwana? Ciyawar da amalanke ke shigowa da ita don ragon layyarmu, daga can take. In aka kankare ta har ƙasa, an kwashe da irin baɗi, iska kuma ta ɗebe ƙasar. Gobe tsadar nama da nono a kanmu za ta sauka.

Don haka mu tambayi magadan garuruwanmu: nawa aka ware don layukan tare wuta? Burtali nawa kwamitin filaye ya shata, ya kafa wa alama? Wane fili aka bari ya huta bana, kuma an zauna da makiyaya da manoma kafin a yanke? Manoman Maraɗi sun dawo da miliyoyin itatuwa ta hanyar sassaben zamani, da hannunsu. Ciyawa ma tana dawowa, in an bar mata iri da lokaci. Tun ran gini ran zane.