Agogon Mota Ba Ya Ganin Hanya, Taya Yake Ƙidaya

A makon jiya an kira ni sulhu a nan Djidjole tsakanin wani Alhaji mai mota da yaronsa direba, wanda ke jigila daga tashar Agbalepedogan zuwa Sokode. Alhaji ya ce yaro na shan mai, yaro kuwa har da ƙwalla yana rantsuwa. Da na zagaya motar sai na ga ɓarawon a fili: sababbin tayu huɗu, manya, waɗanda Alhaji ya saya da kansa saboda ramuka da nauyin kaya.

Jama'a, agogon kilomita bai san Sokode ba, bai san Atakpame ba. Abin da ya sani kawai shi ne sau nawa taya ta juya, sai ya ninka da faɗin zagayen tayar da kamfani ya ɗaura wa motar tun farko. In ka canza taya, ba wanda ya gaya masa.

Ga lissafin. Tayar asali an rubuta mata 195/65 R15, tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 634 da ɗoriya. Wadda Alhaji ya sa 205/70 R15 ce, tsayinta milimita 668. A ido bambancin bai kai yatsa biyu ba, amma ya haura kashi 5 cikin 100. Duk juyi ɗaya, babbar tana cin ƙasa kimanin santimita 10 fiye da ƙaramar. Daga Lome zuwa Sokode wajen kilomita 340 ne, amma agogon zai nuna 323 kacal. Kilomita 17 sun shige ba a rubuta su ba.

To, shi Alhaji ya saba da cewa motarsa lita 10 take sha a kilomita 100. Ya duba agogo, ya ga lita 32 da 'yan kai ya kamata a ƙona, yaro kuma ya kawo takardar lita 34. Zuwa da dawowa lita uku da rabi ke nan, in aka yi sawu goma a wata sai ka ga lita 35. Wa zai ga haka bai yi zargi ba? Na ce masa, "Alhaji, man nan hanya ce ta sha shi." Ban ɓoye masa ba kuma cewa babbar taya ta fi nauyi, a cikin gari inda ake tashi ana tsayawa tana iya ƙara shan mai na gaskiya.

Abin da ya fi damuna ma ba man ba ne. Allurar gudu ita ma daga juyin nan take karatu: inda a da za ta nuna 100, yanzu 95 za ta nuna, direba na ganin yana cikin hankali. Haka juyen baƙin mai, in agogo ya ce 5,000, inji ya riga ya wuce 5,260.

Muka kunna taswirar wayar salula, muka bi hanyar Tsevie. Waya ta ce kilomita 20, agogo ya ce 19. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Yaro, yafe mini." Yanzu duk abin da agogo ya nuna, ninka shi yake yi da 1.05 kafin ya buɗe littafin mai.