La'adar katin banki: wa ya kamata ya biya, mai kanti ko mai saye?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar bisashe ya san dillali ba ya aikin banza. In an yi ciniki an sallama, sai a fid da la'adarsa, kuma kowa ya san aljihun da za ta fito. A ƙasar Amurka akwai wata irin la'ada wadda ta haddasa shari'a tun shekara ta 2005 tsakanin ƴan kasuwa da bankuna da manyan kamfanoni biyu, watau Visa da Mastercard. Ita ce la'adar da ake cira duk lokacin da mutum ya biya kuɗin kaya da katin banki. Ƙananan ƴan kasuwa da yawa a can sun gaji da ɗaukarta, sun fara ɗora ta bisa mai saye. Ya kamata masu karatu su san tushen wannan magana, domin irinta ta fara leƙowa kasuwanninmu.

Yadda la'adar take

Kati iri biyu ne. Akwai katin ajiya, wanda da shi mutum yake kashe kuɗinsa na kansa da ke banki. Akwai kuma katin bashi, wanda banki ke biya wa mutum nan take, shi kuwa ya biya banki daga baya, in ya yi jinkiri a ɗora masa ruwa. Gardamar da muke magana ta fi tsanani a kan katin bashi, saboda la'adarsa ta fi nauyi.

In mai saye ya sa katinsa cikin na'urar kanti, kuɗin ba su isa hannun mai kanti cikakku. Dillalai uku ne ke tsaye a hanya. Babban rabo na bankin da ya ba mai saye kati ne. Ƙaramin rabo na kamfanin da sunansa ke bisa katin ne, Visa ko Mastercard, wanda ke riƙe da hanyar da saƙon ke bi. Saura kuwa na kamfanin da ya ba mai kanti na'ura ne. In an haɗa duka, a Amurka abin yakan kama daga kashi 1,5 zuwa kashi 3,5 cikin 100 na kuɗin kaya. Mujallar Nilson Report, mai bin diddigin wannan sana'a, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2023 ƴan kasuwar Amurka sun biya wajen dala miliyar 172 na la'adar kati iri-iri. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Kashi 3 cikin 100 kamar ba kome ba ne, amma daga kuɗin ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. Mai kantin da ke samun ribar dala 10 cikin cinikin dala 100, in aka cire masa dala 3, kusan sulusin ribarsa ke nan ya tafi. Har wa yau, wasu kamfanoni suna haɗawa da wani tsayayyen kuɗi bisa kowane ciniki. Misali, kamfanin Stripe ya daɗe yana karɓar kashi 2,9 cikin 100 tare da santi 30 bisa cinikin intanet. Wanda ya sai da kayan dala 500 ba zai ji santi 30 ba. Wanda ya sai da abin dala 5 kuwa zai biya wajen santi 44, watau kusan kashi 9 cikin 100. Babban kamfani mai kantuna dubbai yakan zauna da banki a yi ciniki a rage masa. Mai gidan abinci guda ko mai shagon aski, abin da aka yanka masa shi zai biya.

Daga hani zuwa izini

Shekara da shekaru mai kanti ba shi da ikon ƙara wa mai kati ko santi ɗaya. A shekara ta 1976 majalisar dokokin Amurka ta hana wannan ƙari. Dokar ta ƙare a 1984 ba a sabunta ta ba, amma wasu jahohi suka kafa nasu hanin, kamfanonin kati kuma suka sa shi cikin yarjejeniyar da kowane mai kanti yake sa wa hannu. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne a yi wa mai biya da tsaba rangwame.

Ƙarar da ƴan kasuwa suka shigar a 2005 ce ta buɗe ƙofa. Bayan sulhun da aka yi a 2012, tun watan Janairu na 2013 Visa da Mastercard suka yarda a yi ƙari bisa katin bashi, da sharuɗɗa. Dole mai kanti ya ba da sanarwa kwana 30 kafin ya fara. Dole ya kafa sanarwa a bakin ƙofa da wurin biya, ya kuma rubuta ƙarin daban bisa rasit. Kada ƙarin ya wuce abin da shi kansa ake cire masa. Ba a yin sa bisa katin ajiya. Mastercard ta sa iyaka kashi 4 cikin 100, Visa kuwa ta sauke tata iyaka zuwa kashi 3 a watan Afrilu na 2023.

Dokokin jahohi su ma sun sha ƙara. Wasu ƴan kasuwa biyar na jahar Niyok, cikinsu har da shagon gyaran gashi, sun kai magana har kotun ƙoli. Hujjarsu mai sauƙi ce: in kaya dala 103 ne ga mai kati, dala 100 ga mai tsaba, wanda ya kira bambancin «rangwame» bai yi laifi ba, wanda ya kira shi «ƙari» ya taka doka, alhali kuwa kuɗin ɗaya ne. A watan Maris na 2017 kotun ta yarda cewa dokar ta shafi yadda ɗan kasuwa yake faɗin farashinsa, ta mai da shari'ar kotun ƙasa. Daga baya jahar Niyok ta sake doka, wadda ta fara aiki a watan Fabrairu na 2024: ana iya ƙari, amma sai an rubuta cikakken kuɗin da mai kati zai biya tun kafin ya zo wurin biya. Jahohi kaɗan, kamar Konetikat da Masacuset, sun riƙe haninsu.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan ƙari suna cewa la'adar ba ta taɓa ɓacewa ba, ɓoye ta aka yi. In an hana mai kanti ya nuna ta, sai ya zuba ta cikin farashin kaya duka, mai tsaba da mai kati su biya tare. Su kuwa bankuna, daga cikin wannan la'ada suke ba masu kati tukuici, kamar mai da musu wani ɗan kaso na abin da suka kashe, ko tikitin jirgi. Katunan da suka fi tukuici su suka fi la'ada, kuma masu hali ne suka fi samunsu. Wani bincike da masana uku na reshen babban bankin Amurka da ke Boston suka fitar a 2010 ya ƙiyasta cewa kowane gida mai biya da tsaba yana asarar wajen dala 149 a shekara, waɗanda ke komawa ga gidaje masu kati. Talaka ke nan yake tara wa mai kuɗi tukuici bai sani ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski: wanda ya ji daɗin kati, shi ya kamata ya ɗauki nauyinsa.

Masu suka su ma ba su rasa abin faɗa ba. Na farko, mai kanti shi ma yana cin moriyar kati: ba ya ƙirgar canji, ba ya tsoron jabu ko ɓarawo, kuma mai kati yakan sayi abin da ya fi kuɗin aljihunsa. Na biyu, sau da yawa wanda ya fara ƙari ba ya rage tsohon farashinsa, wanda da ma la'ada na ciki, sai ya zama an biya ta sau biyu. Na uku, mai saye ba ya son a ce masa wani kuɗi a bakin kanta, ya ga wani a rasit. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ba shi da jarin da ya fi amincin abokan cinikinsa. Babban kanti na kusa da shi, wanda la'adarsa ba ta da yawa, ba ya ƙari, saboda haka yana iya kwashe masa mutane. Wanda la'ada ta fi yi wa nauyi, shi ne kuma ƙari ya fi yi wa haɗari.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Tarayyar Turai ta bi wata hanya daban. Ta fara da rage la'adar kanta: tun watan Disamba na 2015 rabon bankin da ya ba da kati ba ya wuce kashi 0,2 cikin 100 bisa katin ajiya, da kashi 0,3 bisa katin bashi. Sai da aka yi haka, a watan Janairu na 2018, aka hana ƙari bisa katunan jama'a. An sauke wa ɗan kasuwa kaya tukuna, sa'an nan aka hana shi ɗora wa wani. Amurka ba ta yi irin wannan ba sai bisa katin ajiya na manyan bankuna, inda a 2011 aka sa iyaka wajen santi 21 da ɗan abin da ba a rasa ba. Katin bashi an bar shi.

Kanada ta ba da izinin ƙari a watan Oktoba na 2022, da iyaka kashi 2,4 cikin 100, ban da lardin Kebek inda dokar kare masu saye ta hana. Ostireliya kuwa ta daɗe cikin gwajin. Babban bankinta ya buɗe ƙofar ƙari tun 2003, da nufin mutane su zaɓi hanyar biya mai araha. Wasu suka wuce gona da iri, har a 2016 aka yi dokar hana ƙarin da ya zarce ainihin la'ada. A watan Yuli na 2025 bankin da kansa ya kawo shawarar a soke ƙarin, a kuma rage rabon bankuna, domin yanzu yawancin mutane da kati suke biya, ƙarin ya daina karkata kowa, ya zama nauyi kawai na wajen dalar Ostireliya miliyar 1,2 a shekara.

A Amurka ma maganar ba ta tsaya ga ƙari ba. A watan Yuni na 2024 mai shari'a Margo Brodie ta ƙi amincewa da wani sulhu da aka ƙiyasta darajarsa dala miliyar 30, wanda manyan ƙungiyoyin ƴan kasuwa suka ce bai isa ba. A watan Nuwamba na 2025 aka miƙa wa kotu wani sabo, wanda zai ɗan rage la'ada, ya kuma ba mai kanti ikon ƙin karɓar wasu katuna masu tsada. Wannan ya nuna inda ciwon yake. Ƙari yana sake wanda zai ɗauki kaya ne kawai, ba ya rage nauyinsu.

Inda abin ya shafe mu

Ƴan uwanmu da ke da ƙananan shaguna a Niyok ko Girinsboro suna cikin wannan hali kai tsaye, haka ma fatakenmu da ke biya da kati a ƙasashen waje. Amma ko nan gida, a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, wanda ya taɓa biyan kuɗin kaya ta wayar salula ya san kalmar nan: «sai ka haɗa da kuɗin cirewa». Wannan shi ne ƙarin da ake shari'a a kansa a Amurka, suna ne ya bambanta. Mai kanti yana da gaskiyarsa, domin in ya je karɓar kuɗinsa za a cire masa. Mai saye shi ma yana da tasa, domin ba haka aka yi ciniki ba.

Muna da abin da ya fi na waɗancan ƙasashe, watau lokaci. Ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka suna da ƙungiyarsu ta kati, GIM-UEMOA, tun 2003, kuma a ran 30 ga Satumba 2025 babban bankin BCEAO ya buɗe sabon tsari na aika kuɗi nan take tsakanin bankuna da kamfanonin kuɗin waya. Kafin al'ada ta yi ƙarfi, ya dace ma'aikatan da abin ya shafa su tsai da ƙa'ida uku. A bayyana la'adar kowane kamfani a fili, cikin harshen da ɗan kasuwa yake ji. A sa mata iyaka, musamman bisa ƙaramin ciniki. In kuwa an yarda da ƙari, a faɗe shi kafin a sallama, kada kuma ya wuce abin da ake cire wa mai kanti.

Su ma ƴan kasuwa suna da nasu aiki. Kafin mutum ya karɓi na'ura ko lambar biya, ya sa a karanta masa yarjejeniya, ya yi lissafin abin da za a cire masa cikin kowace jikka, ya tambayi kamfani biyu ko uku. Ƙungiyoyinsu kuma su riƙa zama da bankuna da murya ɗaya, domin abin da aka hana mutum guda akan ba mutum ɗari.