Mu Sayi Waƙa a Hannun Mai Ita

Kowa ya ɗauko wayarsa ya buɗe wajen waƙoƙi ya ƙirga. Wani zai tarar da ɗari biyu, wani ma ɗari biyar: na siyasa, na soyayya, na biki, ga tsofaffin Shata da Ɗankwairo da aka kwafo daga kaset. To a cikinsu guda nawa ne ka zaro kuɗi daga aljihunka ka miƙa wa wanda ya rera? Mun san amsar. Wata aboki ne ya tura maka ta Xender, wata a guruf ɗin WhatsApp ka tsince ta, sauran kuma mai shagon tura waƙoƙi ka ba 'yan canji ya cika maka memori. Mai shago ya samu na cefane, kamfanin waya ya ci kuɗin data, shi kuwa mawaƙi ko sisin kwabo bai gani ba.

Mu da ke harkar siyasa, wannan magana ta fi shafarmu fiye da kowa. Mu ne kan gaba wajen zagin mawaƙi ranar da ya sauya sheƙa. Nan da nan za ka ga an cika Facebook da "maci amana", "ɗan a-bi-Yarima-a-sha-kiɗa", a tono tsofaffin waƙoƙinsa ana ɗorawa don a kunyata shi. Amma babu mai tsayawa ya tambaya: wa ya biya masa kuɗin sutudiyo? Wa ya sallami mai kiɗa da 'yan amshi? Wa ya biya masa kuɗin haya da na makarantar yara a shekarun da muke ta rawa da waƙarsa kyauta? In mutum ɗaya ne ya yi duk wannan, to ai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ubangidan ya juya, shi ma mawaƙin ya juya, mu kuma a bar mu da cizon yatsa.

Abin yana da tarihi. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗankwairo da sarakuna suka dogara: doki, riga, hatsi, wani lokaci har gida. Shata kuwa makaɗin jama'a ne. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa 'yan kasuwa, ya yi wa direbobi da sojoji, kuma duk inda ya kafa kalangu jama'a na yi masa kari. Abincinsa daga hannuwa da yawa yake fitowa, shi ya sa har ya rasu a 1999 babu wani mutum ɗaya da ya isa ya ce shi ke riƙe da linzaminsa. In ya ga dama ya yabe ka, in ka ɓata masa ya yi maka zambo, gobe kuma ya ci abincinsa lafiya lau.

Da zamanin kaset da sidi ya zo, sai aka samu kasuwa ta gaske. Duk wanda ya san Ƙofar Wambai a Kano a wancan lokaci ya san yadda ake lodin kwalaye zuwa Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram. Sai dai ko a lokacin ma mawaƙi ba shi ne ke cin romon ba. Yawanci yakan sayar wa ɗan kasuwa aikinsa ne sau ɗaya, a ba shi abin da aka ba shi, in waƙa ta yi farin jini riba ta mai bugawa ce. Kafin a ce kwabo kuma masu satar fasaha sun buga nasu mai araha sun watsa. Haka mawaƙan Kudu suka sha a hannun 'yan kasuwar Alaba ta Legas. Daga baya wayar hannu ta zo ta yi wa kasuwar sidi kisan mummuƙe, masu shagunan suka koma wasu sana'o'in. Abin da ya rage wa mawaƙin Hausa a yau shi ne wasan biki, da ɗan tallan kamfanoni in ya yi sa'a, da intanet, sai kuma ɗan siyasa. Kuma duk cikinsu ɗan siyasa ne ke biya da gwaɓi.

Wani zai ce haba, ai yanzu akwai YouTube, akwai Audiomack da Boomplay, Spotify ma ta shigo Najeriya tun 2021. Gaskiya ne, kuma akwai manyan mawaƙanmu da ke samun alheri a can, Allah ya ƙara. Amma a dubi ƙaramin mawaƙi. Kafin YouTube ta soma raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda. Spotify kuwa daga 2024 ta daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Ga shi kuɗin tallan da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Uwa uba, mutanenmu ba sa kunna waƙa a intanet kullum, data ta yi tsada. Mutum ɗaya ne zai sauke, ya raba wa unguwa guda. Waƙa za ta karaɗe Arewa, kowane ɗan A Daidaita Sahu na kaɗa kai da ita, amma a lissafin kamfani ba ta je ko'ina ba.

Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da mawaƙi mai zaman kansa zai riƙa ɗauko aikinsa a hannu, a memori ko filash ko sidi, ya kai wa masoyansa da kansa, su kuma su saya a hannunsa babu dillali a tsakani.

Kada wani ya ce wannan komawa baya ne. A Amurka, inda intanet ba ta yankewa, an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41 a 2022, sidi kuma miliyan 33, karo na farko tun 1987 da garmaho ya wuce sidi. Da yawa daga cikin masu sayen nan suna da waƙoƙin a wayoyinsu. A 2013 wani mawaƙin gambara na birnin Los Angeles, Nipsey Hussle, ya buga kwafi 1,000 kacal na aikinsa mai suna Crenshaw, ya sa wa kowane ɗaya dala 100, alhali ya saki waƙoƙin kyauta ga duk mai son saukewa. Mutane suka yi layi suka saye. Shahararren mawaƙin nan Jay-Z ya ɗauki guda 100, amma a lura, sauran ɗari taran masoya ne suka saya. Ba don ba su iya samu kyauta ba, so suke a san da su aka yi.

Ga ma misali a ƙofar gidanmu. Mdou Moctar, Buzu makaɗin jita daga jihar Tawa a Nijar, a Sakkwato ya naɗi aikinsa na farko a 2008, da irin kayan sautin da ake waƙoƙin finafinan Hausa da su. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori har cikin Mali, ana ji ana jin daɗi, da yawa ba su ma san sunan mai su ba. Sai da wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyin mutane a Kidal, ya buga su a faifai a 2011, ya bi sawun masu su don ya ba su haƙƙinsu, sannan ƙofa ta buɗe masa. Yau yana zagaya Turai da Amurka yana wasa. Kuma a can al'ada ce, in an tashi daga wasa za ka ga tebur a bakin ƙofa, ana sayar da faifai da riguna, sau da yawa mawaƙin da kansa na tsaye yana sa hannu. Tura-mini-in-tura-maka ta yaɗa waƙarsa, amma sai da aka samu abin sayarwa sannan ya ga amfaninta.

To mu mutanenmu za su biya kuwa? An riga an gwada. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai sake yi wa Buhari waƙa ba sai masoya sun tura masa naira dubu-dubu, kuma mutane suka yi ta turawa. Ko kana son Rarara ko ba ka sonsa, wannan ya nuna talakan Arewa yana iya cire kuɗi saboda waƙa in abin ya taɓa zuciyarsa. Inda muke da ja shi ne salon. Kuɗi ne aka tura asusu, wanda ya tura bai riƙe komai a hannu ba, shi ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai, wasu na cewa gudummawa ce, wasu na cewa roƙo ne aka sa wa sabuwar riga. Ciniki ya fi wannan tsabta. Ga kaya, ga kuɗi, kowa ya kama gabansa, babu mai bin wani bashin godiya.

Mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce mawaƙi yana da masoya na haƙiƙa 500 kacal, kowanne ya sayi memori ɗaya a kan naira 2,000 a hannunsa. Miliyan ɗaya ke nan. A cire kuɗin memorin da na buga kwali, abin da ya rage nasa ne, a ranar, ba sai ya yi sintiri ƙofar gidan wani Honorabul ana ce masa "Oga yana Abuja" ba. Mawaƙan da suka san wannan sintiri sun san abin da muke nufi: a yi waƙa a lokacin kamfen da alkawari, a ci zaɓe, lambar waya ta daina shiga.

Eh, mun sani wanda ya saya zai tura wa abokansa. Babu mai iya hana wannan. An sabunta dokar haƙƙin mallaka ta ƙasa, an sa mata hannu a 2023, amma babu jami'in da zai bi mutane yana leƙa wayoyinsu, kuma mawaƙin siyasa ma so yake waƙarsa ta yaɗu. Don haka sai a sa wa abin sayarwar abin da ba ya turuwa ta Xender: kwali mai kyau da hoton mawaƙi, baitocin a rubuce, sa hannunsa, lamba a jikin kowane kwafi. Direbobin tasha da masu shayi da masu aski har gobe filash suke maƙalawa a rediyo, su ma kasuwa ce babba. Su kuma mawaƙa su ji tsoron Allah, kada a cusa wa masoya memorin jabu wanda zai mutu bayan sati guda. Wanda yake Kano kuma ya tabbatar takardunsa da Hukumar Tace Finafinai sun cika kafin ya baje kaya. Mun ga yadda aka kama Aminu Ala a 2009, aka kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019, a ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban, duk da sunan sakin waƙa ba tare da izinin hukuma ba. Kada a ba mai neman dalili dalili.

Akwai tarko guda da muke jin tsoro, shi ne abin nan na ƙaddamarwa. Mun san halinmu. Da an ce za a sayar da faifai sai a kama zaure, a gayyato babban baƙo da uban taro da babban mai ƙaddamarwa, wani ya karɓi lasifika ya ce ya sayi kwafi goma a kan miliyan biyar, a yi tafi, a watse. Marubuta littattafai sun fi kowa sanin yadda ake ƙarewa da irin wannan alkawari, wani har takalminsa ya cinye bai karɓi rabi ba. Ko da ma an biya, an koma gidan jiya, mutum ɗaya ya sake saye mawaƙin. Wannan magana har da namu manyan, ba ma ware kowa. Mai son taimakon mawaƙi a cikinsu ya sayi nasa kwafin a farashin da kowa ke saya, in ya ga dama ya ɗauki nauyin wurin taro, ya bar sauran ga jama'a.

Kuma a shirya, mawaƙin da jama'a ke ciyarwa wata rana zai faɗi abin da ba zai yi mana daɗi ba. Zai iya tashi ya yi waƙar tsadar taki ko rashin magani a asibiti alhali namu ne a kan kujera. Sai mu daure. Yabon da aka san an biya kuɗinsa ba ya sauya ra'ayin kowa a rumfar zaɓe, 'yan adawa ma dariya suke yi, don sun san da su suka riga biya da su za a yaba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin matasa da na mata a mazaɓu, da duk masu shirya mana taruka: daga taro na gaba a ware tebur ɗaya a bakin ƙofa don mawaƙan da suka zo da kayansu, manya da ƙanana, har da yaron unguwa da bai yi suna ba tukuna. Kada kwamiti ya karɓi kaso, kada 'yan tsaron ƙofa su ce sai an ba su na goro. Sanƙira ya sanar da farashi a lasifika sau biyu ko uku kafin a tashi, a kuma tanadi mai POS a kusa saboda waɗanda ba su riƙo tsabar kuɗi ba.